Gyaran Shafin Farko

An ɗauke ki! Uwata, an ɗauke ki aiki a jami'a! Babanki ya faɗo gidan nan jiya da hantsi, ko sallama bai ƙarasa ba, yana ɗaga waya sama yana cewa takarda ta fito, Hauwa ta zama malamar shari'a. Ina zaune a zaure da kofin shayi a hannu. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ga shayin a kan tabarma. Kakarki ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, irin wadda rabon da in ji ta tun bikin babanki, har tari ya sarƙe ta. Ni kuwa na fita ƙofar gida ba hula. Tun da na tare a unguwar Bolori ba wanda ya taɓa ganin tsakiyar kan Sale mai zanen hula, jiya kowa ya gani, har da masu wucewa.

Af, kin ga ko gaisuwa ban yi ba. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin tashi lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki. Allah ya tsare mini ke, ya tsare hanyar da za ki bi ranar Lahadi, ya sauke ki Kudu, inda jami'ar take, lafiya cikin mutanen kirki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita ma tun jiya ta manta da aikinta na ciwo. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiranki sai da Uwata, kuma ko sun ɗora miki dakta goma a gaban suna haka zan ci gaba da kiranki.

Mai shayin bakin layinmu, Ba Gana, ya tare ni ya ce, "Malam Sale, wannan daktar taku tana duba ciwon baya?" Na ce ba irin wannan dakta ba ce. Ya ce to ta mece ce? Na ce, "Idan ka ƙirƙiro abu da kanka ko da hannunka, waƙa ko zane ko magani, wani ya zo ya ɗauke ya ce nasa ne, ita ce za ta koya wa lauyoyi yadda za su tsaya maka." Ya juya cokali a kofi ya ce, "To ka gaya mata akwai wanda ya sace haɗin shayina a kasuwar Gamboru." Ke kina kiran abin haƙƙin mallakar fasaha, da yadda ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka za su ci amfanin basirar mutanensu. Sai da na kwana uku kafin bakina ya iya jera shi, amma yanzu ba na tuntuɓe.

Za ki ce, Kaka, tsakanin gidanku da namu tafiyar keke napep ce 'yar kaɗan, me ya kawo wasiƙa? Akwai maganar da in na dube ki ido da ido ba za ta fito ba. Na gwada sau biyu a watan jiya, duk sai na ɓige da tambayarki ko kin ci abinci.

Kin bar mini kwafin littafinki na digiri na uku, wanda kika ce ƙarshen watan nan za ki miƙa wa masu buga littattafai. Da yake kin san Turancina na ajin yamma ne, kin fassara mini shafin farko da Hausa da hannunki. Kin rubuta cewa kin sadaukar da aikin ga kakanki Malam Sale, wanda ya ƙirƙiro zanen hular Zangarniya aka ƙwace masa da takarda. Babanki ya ce akwai babi guda cur da ya tsaya a kan labarin nan. Na karanta shafin sau bakwai. Da farko kukan daɗi na yi, daga baya kukan ya koma na wani abu dabam. Uwata, akwai ƙarya a shafin nan, kuma ba ke kika yi ta ba. Ni na ɗora ki a cinya tun kina 'yar shekara biyar na yi ta zuba miki ita. An ƙwace Zangarniya da takarda, wannan gaskiya ne. Amma ba ni na zana ta ba. Kakarki ce. Idan littafin ya shiga inji a haka, sunanta ya ɓace ke nan har abada, kuma da hannun jikarta.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Iyayena daga Kano suka zo, ni a Gamboru na tashi, a rumfar masu hula. Aikin kashi-kashi ne. Mai zane ya ja layi a kan farin ƙyalle, mai ɗinki ya bi layin da allura da zare, wani lokaci wata biyu a kan hula ɗaya, sannan mai wanki ya wanke ya buga ya kafa ta. Ni mai zane ne, kuma ba wani gwani ba. Hannuna yana da tsabta, layina ba ya karkacewa, amma kaina ba ya haifar da sabon abu. Abin da na tarar ana yi shi nake maimaitawa.

Shekarar da aka haifi babanki kasuwa ta yi mini nauyi ƙwarai. Kakarki ta je wankan gida wurin iyayenta a Zabarmari, daidai lokacin da shinkafa ta nuna. Bayan ta dawo, wata rana na komo daga rumfa na tarar ta ɗauki guntun ƙyallen da na yar da fensirina, babanki yana cinyarta, ta zana wani abu. Kan shinkafa ne idan ya yi nauyi ya sunkuyo, wannan ya jingina da wancan, sun zagaye ƙyallen ba ka gane inda suka fara. Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Ba komai, gonar Baba nake tunawa." Na ce ta ba ni in duba. Da safe na kwafe shi a kan ƙyalle mai kyau na tafi da shi.

Da aka gama ɗinka ta farko, kore da ruwan ɗorawa, dattijon da ke shugabantar rumfarmu ya daɗe yana juya ta a hannu. Ya ce, "Sale, wa ya ba ka wannan?" Duk rumfar ta zubo mini ido. A wancan zamani zanen hula aikin maza ne. Da na ce matata ce, da an shekara ana tsokanata, kullum da safe a ce, Sale, yau me uwargida ta zano mana? Tsoron wannan dariyar ne kawai, ba wani abu ba. Na ce, "Allah ne ya ba ni." Kin gani, ban ce ni na yi ba, na nemi maganar da zan ɓuya a bayanta. Suka ce ma sha Allah. Daga ranar na zama Sale mai Zangarniya. Da hular nan na samu filin gidan nan, da ita babanki ya yi makaranta. Kakarki a gidan suna ta ji labari a bakin mata. Ta dawo ta zuba mini tuwo, ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

To ga abin da nake so ki riƙe. Za ki samu ɗalibai, kuma wata rana wata mai kunya a bayan aji za ta faɗi maganar da za ta buɗe miki ƙofar da kika daɗe kina bugawa. Za ki samu tafintan da zai raka ki ƙauye, da tsohuwa mai turaren wuta da za ta yarda da ke ta gaya miki haɗinta. Babanki ya ce a jami'a da yawan rubutun da ke ɗauke da sunan mutum ake hawa matsayi. Ke nan jarabar da ta kama ni a rumfa tana jiranki a ofis, ta sa kwat kawai. Ki faɗi sunansu tun karon farko da aka tambaye ki. Karon farko shi ne mai sauƙi. Ni cewa na yi gobe zan gyara, goben nan ta haura shekara hamsin, kuma kowace shekara gyaran ƙara nauyi yake.

Kuskurena na biyu kin san rabinsa. Babanki yana sakandare wani ɗan kasuwa ya zo rumfa da baƙo daga ƙasar waje, mai kamara a wuya. Baƙon ya ɗauki hoton huluna, ya ɗauki hotona ina riƙe da fensir, ɗan kasuwan yana fassara mini wai ni babban gwani ne, za a nuna aikina a ƙasashe. Ba wanda ya taɓa kirana haka. Bayan kwana biyu suka dawo da rediyo mai kaset da agogon hannu, da takarda shafi biyu da Turanci. Ɗan kasuwan ya ce, "Shaida ce kawai cewa mun ziyarce ka, Malam." Ina karanta Alƙur'ani, ina rubuta ajami, amma boko ko harafi ɗaya. Na ji kunyar in ce a gaban baƙo a nemo mini mai karantawa. Yanzu fa aka gama kirana gwani. Na dangwala babban yatsa.

Bayan damina biyu hulunan inji suka shigo kasuwa kwali-kwali, da Zangarniya a jikinsu. Abin da mai ɗinki zai yi wata biyu yana lanƙwashe a kai, inji ya gama kafin shayi ya huce. Mutane da yawa a layinmu suka ajiye allura. Na je wurin ɗan kasuwan ina huci. Bai ko ɗaga murya ba, ya jawo durowa ya nuna mini yatsana.

Wannan ne ya kai ni ajin yamma na yaƙi da jahilci, da furfura a gemuna. Bayan la'asar muke zama a kan bencin 'yan firamare, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Malaminmu Malam Yohanna ne, mutumin kudancin Borno, da safe akawu, da yamma namu, ranar Lahadi yana coci. Ina fara rubutu daga dama kamar ajami, ina yi wa haruffa ado kamar zanen hula. Sai ya tsaya a kaina ya ce, "Malam Sale, wannan harafi ya yi kyau, amma ba a ka za a sa shi ba, karanta shi za a yi." Bai taɓa bari a yi wa kowa dariya ba sai wadda za a yi tare da shi.

Da na shekara biyu a ajin na kai masa kwafin takardar da suka bar mini. Na ce ni zan karanta, ya tallafa mini inda na kasa. Muka bi ta kalma-kalma. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne layin farko. Kafin a zo inda na sallama komai, an rubuta cewa ni Sale na tabbatar ni kaɗai na ƙirƙiro zanen, babu hannun kowa a ciki. Malam Yohanna ya cire gilashi ya ce, "Sun cuce ka." Na ce haka ne. Amma a raina na san cuta biyu ce a takardar nan, kuma ta farkon tawa ce.

Uwata, za a gayyace ki taro a ƙasashen waje, a sauke ki a masauki mai kyau, a kira ki gwana. Ki je, ki ƙaru, ki yi abokai. Amma lokacin da aka fi yabonki a nan za ki fi natsuwa, ki karanta kowane layi kafin ki sa hannu. Ki tambaya: abin da zan tattaro daga bakin mutanenmu, a wane gida zai kwana, wa zai riƙe mabuɗinsa? Waɗanda suka ba ni za su iya zuwa su gan shi? Ba cewa nake kowane baƙo macuci ne ba. Wanda ya miƙo mini tawada ɗan garin nan ne, masallaci ɗaya muke Juma'a. Haka kuma ranar da ke ce mai miƙa wa wani takarda ya sa hannu, ki karanta masa ita da harshen uwarsa, ko da ya ce, haba Dakta, ai na yarda da ke. Wanda ya fi saurin cewa ya yarda, sau da yawa kunya yake ji, kamar yadda na ji.

Na uku ban taɓa ɗaukarsa kuskure ba sai da na tsufa. Kafin zuwan baƙon nan muna da al'ada a rumfa. Ranar Juma'a kana sahu, hular wanda ke gabanka tana daidai idonka. Allah ya yafe mana, yawancinmu a nan muke ɗaukar zane. In ka ɗauka ba ka kwafe shi sak, sai ka ƙara naka ko ka rage, sannan ka nemi mai shi ka kai masa goro, ka ce ka ɗebi wuta a gidansa. Shi kuma ya sa maka albarka. Ba takarda, ba alƙali, amma kowa ya san zanen wane ne ya haifi na wane. Wanda ya ɗauka bai kai goro ba, in ya zo zama sai a naɗe tabarma. Ni na ci goron Zangarniya har haƙorana suka rine. Wani lokaci in kawo ragowar gida in miƙa wa kakarki kamar kyauta, ta ce an gode.

Da aka cuce ni sai na rufe. Duk ɗan abin da na haɗa, na kulle a akwati. Wanda ya zo da goro in mayar masa da abinsa. Mutum uku suka roƙi in koya musu zane, na ƙi, na ce kowa ɓarawo ne. Sai ga shekarun tashin hankali, mata suka cika garin nan daga Bama da sauran garuruwa, ba su tsira da komai ba sai abin da hannunsu ya iya. Kin gan su da idonki, a gindin kowace darbejiya suna ɗinkin hula suna ciyar da 'ya'yansu, ba wanda ya tsaya cewa aikin maza ne. Na ce bari in buɗe akwatin nan in ba su. Gara ta riga ni. Ƙasa na tarar da guntayen takarda. Abin da na hana ɓarawo, na hana kowa, har da kaina.

Don haka in kina koya wa lauyoyi yadda ake kulle abu, ki koya musu yadda ake buɗe shi. Dokar da aka kawo mana daga waje, yadda kika bayyana mini, mutum ɗaya ta sani, da takarda ɗaya, da ranar da ya yi rajista. Hula kuwa hannu huɗu ko biyar take bi kafin ta hau kai, zanen ma yana da kakanni. Ban ce ki yar da dokarsu ba, in babu ita inji zai ci gaba da cinye mu. Amma ki je ki zauna da matan nan a kan tabarmarsu, ba a kan kujera ba, ki tambaye su yadda suke gane aikin juna. Ki duba ko akwai wurin goro a cikin doka. Ni ban san yadda ake sa shi ba. Ke aka ɗauka aiki.

Akwai wani ƙarami, amma har yau yana cizona. Da na fara iya karatu sai kai ya kumbura. Biro uku nake jerawa a aljihu, ina jefa wa kakarki Turanci a tsakar gida, ita kuwa ta mayar mini da Kanuri mai zafi. Wata rana a aji wani dattijo mai sayar da itace ya tashi karatu ya yi tuntuɓe, na riga malam gyara masa, da ƙarfi, har da 'yar dariya. Bai sake zuwa ba. Ya rasu bai iya rubuta sunansa ba, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. In ɗalibi ya yi miki tambayar da kika ga ta wauta ce, ki tuna ba ki san nisan da ya taho kafin ya iya ɗaga hannu ba. Kuma duk abin da kika rubuta da Turanci, ki gwada faɗa wa kakarki. In ba ta gane ba, ki koma ki sake dubawa, mai yiwuwa ke ce ba ki gama ganewa ba.

Jiya bayan azahar, da masu taya murna suka watse, na shiga ciki na same ta tana tsintar shinkafa a faifai. Na zauna na karanta mata shafin nan naki. Ta ce, "Ma sha Allah, yarinya ta iya rubutu." Ta ci gaba da tsinta.

Na ce, "Zan gaya mata."

"Ka gaya mata me?"

"Wanda ya zana."

Ta ajiye faifan ta dube ni. "Malam, sai yanzu da idona ba ya ganin kafar allura?"

Na ce na yi laifi.

"Ka yi," ta ce. Ko kaɗan ba ta sassauta mini ba. "Ranar da na ji mata suna cewa mijinki mai basira, sai da na zagaya bayan ɗaki na yi kuka. Ba don suna ba, me zan yi da suna a rumfar maza? Na zaci za ka dawo ka ce, Kaltum, zana mini wani. Guda shida ne a kaina a lokacin. Ba ka taɓa tambaya ba, don in ka tambaya ka amsa laifi ke nan."

Uwata, ɗan kasuwan nan zane ɗaya ya ɗauke. Ni shida na binne a cikin gidana, ina yawo ina ba da labarin an cuce ni. Na ce mata, "Suna nan?" Ta ce, "Biyu sun rage. Sauran sun tafi tare da haƙorana."

Ta tashi ta jawo akwatinta na ƙarfe, ta fitar da kwalaben turare, daga can ƙasa ta zaro guntun ƙyallen nan. Ashe da na kwafe na yar, ta ɗauka. Ya yi ja don tsufa, fensirin ya dusashe, amma ga zangarniyar nan a sunkuye, har da tabon tumbuɗin babanki a gefe. Na daɗe ina kallo. Can na ce mata akwai tambayar da zan yi wa Uwata, tunda ita ce lauya: in zanen ba nawa ba ne, to me na sayar wa mutanen nan? Ta kama haɓa ta ce, "Ashe rediyon sata muka shekara goma muna jin labarai da shi." Muka yi dariya har hawaye, kuma ba duk hawayen ne na dariya ba. Tambayar dai tana nan, ki ba ni amsa in kin samu sarari.

Ta kuma ba ni saƙo. Ta ce, "Ka gaya wa Hauwa kada ta share ka gaba ɗaya. Layinka ya fi nawa miƙewa, kuma ka iya ciniki. A rubuta kowa da abin da ya yi." Kin ji hukuncinta, ya fi wanda na yanke wa kaina sauƙi.

To ga roƙona. Ki gyara shafin farko kafin ki miƙa. Ki rubuta Kaltum 'yar Ba Modu, ta Zabarmari, ita ta zana Zangarniya. Ni ki sa ni inda na dace, wanda ya kwafa, ya sayar, ya yi shiru. Na san babin nan zai ba ki wahala, ga wata ya kusa ƙarewa, ga shirin tafiya, ga sabon aiki. Na kuma san labarina ne ya sa kika zaɓi karatun nan, kuma za ki ji kamar na janye miki tabarma kina tsaye. In kin yi fushi kina da gaskiya, ba zan ce ki yi haƙuri da wuri ba. Amma in fushin ya lafa ki duba da idon malama. Kafin baƙo ya zo da kamara an riga an yi ƙwacen a tsakar gida. In littafinki ya faɗi na waje ya bar na ciki, rabin ciwon kawai ya gani. Gara a ce kakan Dakta ya yi abin kunya ya faɗa da bakinsa, da ki fara aikinki na tsaya wa masu basira da shafin da ya danne ta gidanku.

Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da ɗalibai masu jin magana. Ya tsare alƙalaminki daga abin da ya kama harshena. Ya raba ki da mai yabon da zai rufe miki ido. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki kira kakarki ko ba ki kira ni ba. Ni ne kakanki, Sale, nan Bolori.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai daɗin. Yau da safe na je Gamboru na sayo fensir sabo da farin ƙyalle. Yanzu haka da nake rubutun nan tana tsakar gida, gilashina a kan hancinta, tana zana biyun da suka rage, ta ce in na leƙo sai ta fasa. Ranar Juma'a bayan la'asar zan rataye hular farko a zaure, kusa da guntun ƙyallenta da sababbin biyun, in tashi tsaye in faɗi wanda ya zana, da bakin da ya ɓoye. Ki zo, ki taho da babanki da mahaifiyarki da ƙannenki. Na aika wa ragowar mutanen rumfarmu, na aika Zabarmari wurin 'yan'uwanta, na roƙi 'ya'yan Malam Yohanna su kawo shi a mota. Matan da ke ɗinki a gindin darbejiyar layinmu sun ce da allurarsu za su zo. Ba Gana zai kawo shayi, ya ce ba zai faɗi haɗin ba. Duk wanda kika gani a hanya ki gaya masa, ƙofa a buɗe take. Kowa ya taho da goronsa, wannan karon an san hannun da za a miƙa wa. Ku zo ku ga aikin Kaltum. Ku zo ku gani!